Kifi ya ragu a wajenmu: laifin tafki ne ko laifin komarmu?

Wani ɗan'uwa daga yankin Bulanguwa, a arewacin Kamaru kusa da inda kogin Shari ke shiga Tafkin Chadi, wanda yake riƙe da littafin ƙungiyar masuntan garinsu, ya aiko da tambaya. Ya ce kamu ya ragu, ɗan abin da ake samu ma ƙanana ne. Dattawa sun ce tafkin ne yake mutuwa, ma'aikatan gwamnati sun ce komar masunta ce ta cinye kifin, ga shi kuma ana matsa musu su yarda a rufe ruwa, wato a dakatar da kamun kifi, na wasu watanni. Yana so ya san wace magana ce gaskiya, kuma ko sana'ar su za ta ci gaba da riƙe iyali a wannan yanki.

Amin wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Ka yi haƙuri da tsawon amsar, tambayar taka ce ta haɗo abubuwa da yawa.

Dattawa ba su yi ƙarya ba. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1974 ya sa ruwa ya ja baya har tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, tudu mai ciyayi ya shiga tsakaninsu. Da farin 1984 ya zo, buɗaɗɗen ruwan da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin goma na da ba. Duk wanda ya ga wancan tafkin da idonsa yana da dalilin cewa na yanzu ya mutu. Sai dai tun daga shekarun 1990 labarin ya sauya. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa kwarin kudu, wanda ku kuke zaune a bakinsa, bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Yana cika yana janyewa ne gwargwadon damina. Ku da kuka kwashe kaya a ambaliyar 2022 da ta 2024 ba sai an gaya muku akwai ruwa ba.

Abin da ya sauya shi ne irin ruwan. Da can ruwa ne buɗaɗɗe mai ɗan zurfi, iska na kaɗa shi. Yanzu yawancinsa fadama ce mai ciyayi, ganye na ruɓewa a ciki yana cinye iskar da kifi ke shaƙa. Giwan ruwa da tsage da shemani ba sa jure wa irin wannan ruwa. Tarwaɗa da gaiwa kuwa suna iya shaƙar iskar sama, bargi ma haka, karfasa kuma tana da haƙurin zama a ruwa maras zurfi. Shi ya sa kwalin banda na yau kusan duk tarwaɗa ce, alhali kakanninku sun yi arziki da salanga, wato busasshen shemani. Wannan sauyin ba koma ce ta kawo shi ba, kuma ko an ƙona duk komar da ke Bulanguwa ba zai koma yadda yake da ba.

Akwai wani darasi a wancan zamanin da nake so ka karanta wa 'yan ƙungiya. Komar nailan ta shigo tafkin ne a farkon shekarun 1960, ta maye gurbin ta zaren auduga wadda take ruɓewa da wuri. Kamu ya yi ta hauhawa, har masu binciken cibiyar kimiyya ta Faransa mai suna ORSTOM da suka yi aiki a tafkin suka ƙiyasta cewa a 1974 ya haura tan 200,000. Wato shekarar da aka fi kama kifi ta zo ne daidai lokacin da tafkin ke cikin tsananin wahala. Ruwa ya janye, kifi ya taru wuri ɗaya ba inda zai gudu, aka yi ta kwasa. Shekarun da suka biyo baya kamu ya faɗi warwas, shemani ya kusan ɓacewa. Don haka cikar jirgi ba shaida ba ce ta yawan kifi a ruwa. Wani lokaci alama ce ta cewa an tsare shi a lungu.

Yanzu ga abin da nake ganin dattawa da ma'aikata duk sun tsallake. Kifin tafki a ambaliya ake haifarsa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga tafkin kogunan Shari da Logon ne suke kawo shi, daga ruwan saman da ya zuba a Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Adamawa. Kogunan biyu suna haɗuwa a tsakanin Kusiri da Njamena, su gangaro wajenku. Da zarar kogi ya fara tasowa da damina, manyan kifi sai su kama hanya, wasu su haura kogi, wasu su shiga ciyawar da sabon ruwa ya rufe. A nan suke zuba ƙwai. Bargi yana gina sheƙa mai zagaye a cikin ciyawa ya tsaya gadin 'ya'yansa. Yauni yana yin tasa sheƙar da ciyawa a saman ruwa. Namijin karfasa yana share ɗan rami a ƙasan ruwa maras zurfi, macen ta ɗauke ƙwan a bakinta, ba ta cin abinci sai 'ya'yan sun iya yawo da kansu. Daga Satumba, idan Logon ya tumbatsa ya malala cikin Yayre, babbar fadamar da ke gefensa a arewacin Kamaru, ƙananan kifin suna samun abinci a ciyawa da kashin shanun da suka yi kiwo a wurin da rani, su yi girma cikin sauri. Idan ruwa ya fara janyewa, daga Nuwamba zuwa Janairu, sai su nemi hanyar komawa: wasu ta rafin Logomatiya zuwa Logon, wasu ta kogin El Beid da ya bi ta Fotokol ya faɗa tafki. Masu binciken da suka auna kifin da ke bi ta El Beid shekara bayan shekara sun tarar da abin da kowane tsohon masunci ya sani: shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta kuma daɗe, ƙananan kifi suna da yawa kuma suna da ƙiba, shekarar da ta gaza, babu.

An gwada wannan a aikace, ba da niyya ba. A 1979 aka gina madatsar Maga, mai tsawon fiye da kilomita 25, tare da ganuwar da ta bi gaɓar Logon, domin noman shinkafar kamfanin gwamnatin Kamaru mai suna SEMRY. Ruwan da ya saba malala cikin Yayre ya tsaya, ga fari a kai. Babban yanki na fadamar ya bushe, ciyawar da ke daɗewa ta mutu, masunta da makiyaya suka watse. A 1994, a ƙarƙashin shirin Waza-Logon da ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN ta jagoranta, aka sake buɗe wata mashigar ruwa da ake kira Ƙaramin Goroma, aka ƙara buɗe wata a 1997. Ruwa ya koma wuraren da suka shekara goma sha biyar ba su gan shi ba, kifi ya biyo shi, mutane suka biyo kifin. Ba wanda ya zuba irin kifi ko ɗaya. Hanya kawai aka buɗe. Ni a ganina wannan ne abu mafi muhimmanci da aka koya game da kifi a yankinmu, kuma shi ya sa duk ƙungiyar masunta da ta ji ana maganar sabuwar madatsa, ko ganuwa, ko hanyar mota da za ta ratsa fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba, ya kamata ta je taron tun kafin a kawo katafila. Aikin injiniya guda yana iya kashe kifin da masunta dubu ba za su kashe ba a shekara goma.

To ina laifin koma? Akwai shi, amma a wasu wurare ne da wasu lokuta sanannu. Kifin fadama yana da saurin hayayyafa. Tarwaɗa da karfasa suna iya kai munzalin haihuwa cikin shekara guda ko kusa da haka, don haka suna jure kamu mai yawa muddin an bar iyaye sun zuba ƙwai, an kuma bar wani kaso na 'ya'yan ya koma babban ruwa. Matsalar ita ce kayan aikinmu na yau sun fi ƙwarewa daidai a waɗannan ƙofofi biyu. Tarun da ake ja a bakin gaɓa da damina yana share ramukan karfasa, ya kwaso uwa da ƙwai a baki, wanda daidai yake da yanka tunkiya mai ciki. Dumba, wato jerin gura ɗari-ɗari da ake kafawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, tana toshe mashiga gaba ɗaya a lokacin da kifi ke wucewa. A Yayre kuma ramukan kifi da ake haƙawa daga tsakiyar fadama zuwa bakin kogi, a ɗaura koma kamar jaka a bakinsu, sun kai dubbai, kowane sabon rami yana rage rabon na kusa da shi. Sannan ga idon koma da ke ta ƙanƙancewa. Wanda mahaifinsa ya yi su da kalli mai idon da yatsa huɗu ke shiga, shi yana amfani da mai yatsa biyu, ƙaninsa kuma ya ɗinke gidan sauro da aka raba a asibiti ya shiga ruwa da shi. Abin da gidan sauro ke kamowa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ana shanya shi a sayar a tiya da arha, wani lokaci ma abincin kaji ake yi da shi, alhali da an bar shi wata shida da kifi ne na kwali.

Zuba guba kuwa, irin su gamalin da sauran magungunan gona, ba abin tattaunawa ba ne. Yana kashe babba da ƙarami da ƙwarin da kifi ke ci, shanu su sha ruwan, yara su yi wanka a ciki. Wanda aka kama da wannan, kada ƙungiya ta rufa masa asiri ko ɗan wane ne.

Amma ina roƙonka, Malam, kada ku tsaya a zagin mai gidan sauro. Ku tambaya me ya kai shi. Na zauna da masunta da yawa a bakin Logon da bakin tafki, ban taɓa haɗuwa da wanda bai san ƙaramin ido yana ɓarna ba. Abin da ya ɗaure su bashi ne. Yawancin masu shiga ruwa ba su mallaki jirgi ko inji ko koma ba. Ubangida ne, wato falken da ke sayen banda, yake ba da kayan da man fetur, wani lokaci har da hatsin gida da kuɗin magani, da sharaɗin shi za a sayar wa kifi a farashin da ya yanka. Ba na cewa fatake miyagu ne. A wurin da babu banki, su ne banki, kuma sau da yawa su ke kai matar masunci asibiti da tsakar dare. Sai dai wanda bashi ke kansa ba ya iya cewa yau ba zan shiga ruwa ba, ba ya kuma iya mayar da ƙaramin kifi. A ƙarƙashinsa kuma akwai 'yan jan taru, samari da suka zo daga nesa, waɗanda rabonsu na yini shi ne abincinsu na dare. Idan ma'aikaci ya zo ya ƙwace koma ya ƙona, bashin bai ƙone ba. Mutumin zai koma wurin ubangida ya karɓo wata, bashi ya ninka, ya ƙara matsa wa ruwa. Shi ya sa duk dokar da aka kafa ba tare da an zaunar da fatake ba takan mutu kafin shekara ta zagayo. Su ne suke saye. Ranar da manyan masu sayen kwali na kasuwarku suka yarda ba za su karɓi kifin da bai kai wani ma'auni ba, ranar gidan sauro zai koma kan gado.

Game da rufe ruwa, shawarata ku yarda, amma ku shiga maganar da sharuɗɗanku. Ba baƙon abu ba ne. A tafkin Maga da na Lagdo ana hutar da ruwa wata uku na damina, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Tun kafin gwamnati ta zo ma, Kotoko suna da masu kula da tafkunan fadama waɗanda ba a shiga sai ranar da suka buɗe, gari duka ya shiga tare. A tafkin Fitri na Chadi, Sarkin Bulala da ke Yao da masu ruwa na gargajiya sun daɗe suna da ta cewa a kan lokacin su da irin kayan da za a shiga da su. A ƙasar Hausa kuma kowa ya san ba a taɓa Matan Fada na Argungu sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wato kakanninmu sun san hutun ruwa. Bambancin Maga da wajenku shi ne Maga tafki ne mai iyaka, ana iya zagaya shi. Ku kuna bakin Shari, tsallaken kogi ƙasar Chadi ce, gaba kaɗan ruwan Najeriya. Idan kun ajiye koma wata uku amma na ƙetare suna kamawa, kun yi musu kiwo ne kawai, kuma 'yan ƙungiyarku ba za su sake sauraronka ba. Don haka sharaɗi na farko, a zauna da masuntan ɓangaren Chadi, lawanai da bulamomi na gaɓa biyu su sa hannu. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964, hedikwatarta na nan Njamena, kuma daidaita irin wannan yana cikin aikin da aka kafa ta dominsa. Amma kada ku jira takarda daga can kafin ku tsallaka ku gaisa da maƙwabta.

Na biyu, ba dole ba ne a rufe dukkan ruwa ga dukkan kaya. Ku kun fi kowane ma'aikaci sanin inda bargi ke sheƙa da inda karfasa ke share rami. Ku zaɓi waɗannan wuraren, ku kafa musu alama, a hana shiga da damina, a kuma jingine taru gaba ɗaya a lokacin. Mai fatsa da mai mamari mai manyan ƙugiyoyi da ke neman na miya, a bar shi. Sannan ku tuna ƙofa ta biyu, wadda dokar wata uku ba ta taɓa ba: lokacin janyewar ruwa. Hutun damina ba shi da amfani idan 'ya'yan da aka haifa za su ƙare a dumba a Disamba. Ban ce a rushe dumba ba, domin gidaje da yawa ita ke ciyar da su, kuma wanda ya ce zai rushe ta faɗa zai tayar. A bar ƙofa a tsakiya inda ruwa ya fi zurfi, ni zan ce kashi ɗaya cikin uku na faɗin mashigar, a kuma saƙa gura da idon da ƙaramin kifi zai fita.

Na uku shi ne ciki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ba shi da hatsi a Agusta zai shiga ruwa da dare ko da soja aka ajiye. A nan ne littafin da kake riƙewa yake da aiki. A watannin da kamu ke da kyau, a riƙa cire wani ɗan abu daga kowane kwali, a sayi masara lokacin da take arha, a ajiye a raba da damina. Mata sun riga mu gane wannan da adashensu. Kada kuma a manta da 'yan jan taru a rabon, domin su ne farkon masu karya doka, ba don mugunta ba. Kuma Allah ya ba ku abin da masuntan teku ba su da shi: ƙasar da ruwa ya janye ya bari tana ba da masara da wake da kuɓewa ba tare da taki ba. Mutanen tafki sun rayu a farin 1984 ne domin masunci ya iya zama manomi, ya kuma bi ruwa inda ya tafi. Haka aka cika garin Darak da ke tafkin da Hausawa da Barebari da Jukunawa da 'yan Mali, har maganar mallakarsa ta shiga shari'ar Kamaru da Najeriya a gaban kotun duniya, wadda ta yanke hukunci a 2002. Duk shirin da zai ce wa mutum kai masunci ne kaɗai, ka zauna wuri ɗaya, ya raba shi da abin da ya ceci iyayensa. Ƙungiya ta nema wa baƙin masunta gonar janyewar ruwa a wurin bulama. Wanda yake da gona ya fi saurin ajiye koma.

Wa zai tsare dokar? Wannan ita ce tambaya mai zafi. A yau masunci yana biyan mai gari, ya biya ma'aikaci, ya biya a shingen hanya, a wasu tsibiran ma ya biya masu bindiga, amma ba ko ɗaya a cikinsu da yake kula da kifin. Kuɗin shiga ruwa ya zama haraji kawai: wanda ya biya, ya shiga da duk abin da ya ga dama. Dokar da nake ganin tana daɗewa ita ce wadda masu shiga ruwa suka yanka da bakinsu a gaban lawan da liman da ma'aikacin gwamnati, aka rubuta, aka karanta da Hausa da Larabcin Shuwa da Kotoko da Barbarci, tarar ta zama sananniya kuma ta shiga asusun hatsi a idon kowa. Sannan ta fara hawa kan mai babban taru kafin ta sauko kan yaro mai gidan sauro. Idan aka ga an ƙyale Alhaji, magana ta ƙare. Ku kuma sa makiyaya a zaman. Ka tuna abin da ya faru a Logon Birni a Agusta da Disamba na 2021, tsakanin Musgum masu su da Larabawan Shuwa masu kiwo. Asalinsa ramukan tara ruwa da kifi ne da shanu ke faɗawa. Rikicin ya kai har Kusiri, aka ƙona ƙauyuka fiye da ɗari, dubun-dubatar mutane suka tsallaka Chadi. Ware mashayar shanu da burtali tun ruwa bai janye ba yana cikin aikin ƙungiyar masunta, ko da ba a rubuta shi a takardarku ba.

Akwai wani wuri da za ku ƙara samu ba tare da kun ƙara kama kifi ko ɗaya ba, kuma a hannun mata yake. Ka bi kifi daga jirgi zuwa kasuwa ka ga abin da ke zubewa. Wanda ya kwana a kalli cikin ruwan zafi ya fara lalacewa tun kafin a ciro shi. Wanda aka shanya a ƙasa, ƙuda ya yi masa ƙwai. A wurin banda wuta ta ƙone wani, wani bai bushe ba ya yi funfuna, sannan ƙwaro ya shiga kwali ya mayar da shi gari a kan hanyar Maiduguri ko Marwa. Matan da ke tsaye a kan hayaƙi tun safe har dare suna biya da idanunsu da ƙirjinsu, itace kuma kullum sai ƙara tsada yake yana ƙara nisa. Murhun banda irin na Chorkor, wanda aka fara a Gana a ƙarshen shekarun 1960, ginin laka ne da tirori na katako da waya da ake jerawa bisa juna, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Magini da kafintan garinku za su iya yin sa, kuma yana rage itace sosai. Gadon shanya mai ƙafa, wanda ya ɗaga kifi daga ƙasa, ya fi shi sauƙi ma. Ina kuma roƙo da babbar murya a daina fesa maganin ƙwari irin su fiya-fiya a kan banda. Mutane ne za su ci, har da 'ya'yanmu. Bushewa sosai, gishiri kaɗan, da sake ɗora kifin a wuta idan ya daɗe a ajiye, su ne maganin ƙwaro. In da ni ne ke raba kujerun shugabancin ƙungiya, da masu banda sun samu nasu, domin su suka san farashi, su suka san wanda ke kawo ƙananan kifi, kuma idan suka ƙi saye ba mai tilasta musu.

Za a zo muku da maganar kiwon tarwaɗa a tanki ko a rami. Ga mai jari da ke kusa da kasuwar Kusiri ko Garwa yana iya zama sana'a, amma abincin kifi ne ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma wanda ya kasa sayen koma ba zai iya ciyar da kifi wata biyar ba. Haka nan maganar jawo ruwa daga kogin Kwango, shirin Transaqua da aka sake tayarwa a taron Abuja na 2018: kada ku gina lissafinku a kai.

Rashin tsaro kuwa ya fi ƙarfin ƙungiya, ba zan yi maka alkawarin abin da ba na iyawa ba. Amma ka lura da abin da ya jawo wa ruwa. Da aka rufe tsibirai da yawa, masuntan da a da suke warwatse a faɗin tafki suka taru a 'yan wuraren da ake iya shiga, irin naku, wasu suka wuce Maga da Lagdo da Fitri. Wani ɓangare na raguwar da kuke gani ke nan: kifin da mutum goma ke rabawa, yanzu talatin ne a kansa. Waɗannan mutanen gudun rai suka yi, korarsu ba daidai ba ce, ba ma za ta yiwu ba. A shigar da su ƙungiya, a ba su murya, doka ta hau kansu kamar kowa.

Tun da littafi na hannunka, ka ƙara masa shafi. Ka zaɓi jirage kaɗan masu kaya iri-iri, waɗanda masu su suka yarda da kai. Rana ɗaya a mako ka rubuta abin da kowanne ya kawo, wane irin kifi, da wace koma, daga wane wuri. Ka sami sanda ka yi mata zane, ka auna tsawon karfasa da tarwaɗa guda ashirin da hannunka ya fara kaiwa a kwando, ba zaɓaɓɓu ba. Matan da ke fasa ciki su gaya maka daga wane tsawo suke fara ganin ƙwai, domin wannan tsawon shi ne ma'aunin da za ku kai wa fatake, kuma daga shi za ku san idon komar da ya dace da ruwanku. A jikin wata bishiya ko ginin da ke bakin ruwa, ka sa alamar inda ambaliya ta tsaya kowace shekara da ranar da ta fara janyewa. Bayan damina biyu ko uku ka ɗora shafukan gefe da gefe. Idan kamu yana hawa yana sauka tare da alamar bishiya, ruwa ne. Idan ambaliya ta yi kyau amma tsawon kifi na ci gaba da raguwa, kayan aikinku ne. Ka tafi da littafin duk taron da aka kira ku, a Makari ne ko a Kusiri, ka kuma ba na ƙetaren kogi su kwafa su fara nasu.